Tarihin Jak Kusto, Bafaranshen Da Ya Yi Fama Da Sanyin Teku

Duk wanda ya taɓa kallon hotunan ƙarƙashin teku a silima ko a talabijin, ya ga mutum sanye da baƙar riga ta roba, da tukunyar iska goye a bayansa, yana shawagi tsakanin kifaye sai ka ce ɗaya daga cikinsu, to, ya ga albarkacin aikin wani hafsan sojan ruwa na ƙasar Faransa mai suna Jacques-Yves Cousteau, wanda a ke faɗin sunansa Jak Kusto. An fi saninsa da na'urar numfashi wadda shi da wani injiniya suka ƙago a 1943. Amma numfashi rabin wahalar mai nutso ne kawai. Ɗaya rabin shi ne sanyi, kuma da shi Kusto ya yi ta fama tun yana saurayi a gaɓar Bahar Rum har ya manyanta ya kai jirginsa cikin ƙanƙarar Antaktika.

Asalinsa

An haifi Kusto ran 11 ga watan Yuni, 1910, a wani ƙaramin gari mai suna Saint-André-de-Cubzac, kusa da birnin Bordeaux, a kudu maso yammacin Faransa. Ubansa lauya ne, yana yi wa waɗansu attajiran Amurka aiki, saboda haka yaron ya tashi cikin tafiye-tafiye, har iyalin suka ɗan zauna a New York tun daga 1920. A 1930 ya shiga makarantar hafsoshin sojan ruwa da ke Brest, ya fito hafsan igwa. Burinsa a lokacin nan sama ne, so ya ke ya zama matuƙin jirgin sama na rundunar ruwa. Yana cikin koyo sai ya yi mummunan haɗarin mota, hannuwansa biyu suka karye. Likitoci suka ba da shawara a yanke ɗaya, ya ƙi, ya yi watanni yana jinya har yatsunsa suka soma motsi. Maganar tuƙin jirgin sama ta ƙare ke nan.

Aka tura shi tashar sojan ruwa ta Toulon, a bakin Bahar Rum. A can ya gamu da wani hafsa, Philippe Tailliez, wanda ya ba shi shawara ya riƙa ninƙaya kullum don hannuwansa su yi ƙarfi. A 1936 ya fara sa tabarau na shiga ruwa, ya buɗe idonsa a ƙarƙashin teku, ya ga duwatsu da ciyayi da kifaye tangaran, tun daga ranar kuwa hankalinsa bai sake barin ruwa ba. A 1937 ya auri Simone Melchior, ɗiyar wani babban hafsan sojan ruwa. Ba da daɗewa ba wani gwanin farautar kifi da mashi, Frédéric Dumas, ya shigo cikinsu, suka zama su uku, Kusto da Tailliez da Dumas, kullum suna bakin teku.

Kayan Da Ya Tarar

A zamanin nan mai aikin ƙarƙashin ruwa yana amfani ne da kayan da wani Bajamushe mazaunin Landan, Augustus Siebe, ya kyautata wajen 1840. Kwalkwali ne na tagulla a ke ɗaurewa da noti a wuyan wata doguwar riga ta tamfol da roba wadda ruwa ba ya ratsawa, ga takalma masu dalma, ga mutane a sama suna buga famfo suna tura masa iska ta mesa. Wannan riga ita ce kakar dukkan busassun rigunan nutso, watau waɗanda ruwa ba ya taɓa jikin mai sanye da su. Mutum yana iya sa tufafin ulu a ciki ya yi awoyi yana aiki. Sai dai nauyin kayan ya kai na ƙaton namiji, mai shi kuwa tafiya ya ke yi a ƙasan teku da ƙyar, ɗaure da igiya kamar akuya a turke. Abin da Kusto ke so shi ne ya sake, ya je inda ya ga dama kamar kifi.

Da shi da abokansa suka yar da waɗannan kaya, sai suka koma shiga ruwa da ɗan kamfai kawai, nan fa sanyi ya ce salamu alaikum. Mai karatu ya sani ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska wajen ninki 25. Zafin jikin mutum digiri 37 ne a ma'aunin santigired, in ya sauka ƙasa da 35 sai makyarkyata ta kama shi, yatsu su sandare, tunani ya rikice, mutum ya kasa ko kwance igiya. Bahar Rum kuwa da hunturu ya kan sauka zuwa wajen digiri 13, ya fi ruwan randa na asubahin hunturu sanyi.

Da farko Kusto ya gwada shafe jikinsa da maiƙo, kamar yadda masu ƙetare mashigin Ingila da ninƙaya su ke yi, ya ga ruwa yana wanke shi, ba ya tsare kome. Sai ya zauna ya yanka roba ya liƙe da hannunsa, ya yi riga wadda a ke iya hura mata 'yar iska don ta riƙe ɗumi. Rigar ta riƙe ɗumin, amma ta zo da wata sabuwar fitina. A zurfi ɗaya tak ta ke daidaita. In ya ƙara ƙasa kaɗan iskar ta matse, nauyi ya ja shi ƙasa, in ya ɗan taso iskar ta kumbura ta fizge shi sama. Mafi muni, da zarar ya sunkuyar da kai sai iskar duka ta gudu zuwa ƙafafu, ya tsaya a ruwa kai ƙasa ƙafa sama, ya rasa yadda zai juyo. Har yau wannan shi ne babban abin da a ke tsoratar da mai koyon busasshiyar riga da shi.

Na'urar Numfashi

Wajen numfashi ma ya sha wuya. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya gwada shaƙar iskar oksijin zalla sau biyu, duka biyun jikinsa ya kama jijjiga kamar mai farfaɗiya a zurfin wajen mita 15, da ƙyar aka tsamo shi. Sai ya gane iskar da mu ke shaƙa ce ta dace, in an ɗura ta a tukunya, an kuma sami abin da zai riƙa sakinta daidai da matsin ruwan da ke kewaye da mutum.

A watan Disamba 1942, lokacin Jamusawa sun mamaye Faransa, ya sadu da Émile Gagnan a Paris, injiniya ne a kamfanin Air Liquide. Saboda ƙarancin fetur, Gagnan ya riga ya ƙera wani ɗan bawul da ke ba injin mota gas gwargwadon bukatarsa. Suka juya shi ya zama na numfashi. Gwajin farko a kogin Marne, cikin Janairu 1943, bai yi kyau ba: in Kusto ya miƙe tsaye iska ta yi ta zuba a banza, in ya kifa kai ta kusa ɗaukewa. Suka gano laifin daga tazarar da ke tsakanin mashigar iska da mafitarta ne, suka matso da su wuri ɗaya. A watan Yuni na wannan shekara, a Bandol, na'urar ta yi aiki sarai. Kafin shekarar ta ƙare Dumas ya sauka da ita fiye da mita 60.

To, a nan ne maganar sutura ta zama tilas. Mai nutso da numfashinsa minti ɗaya ko biyu ya ke yi ya fito ya sha rana. Wanda ya goya tukunyar iska kuwa yana iya kai wa awa guda a ƙasa, sai ya zama sanyi ke koro shi tun iskarsa ba ta ƙare ba.

Riga Mai Daidaita Kanta

Da yaƙi ya ƙare a 1945, rundunar ruwa ta Faransa ta kafa ƙungiyar binciken ƙarƙashin teku a Toulon, Tailliez ne shugaba, Kusto da Dumas suna ciki. Babban aikinsu shi ne neman nakiyoyin da aka bari a mashigun jiragen ruwa, aikin da ba ya jiran bazara. A 1946 Kusto ya fito da sabuwar busasshiyar riga wadda ta warware matsalar da ta kifar da shi a da. Rigar ta rufe mutum tun daga kai har ƙafa. In ya sauka ruwa ya fara matse ta, sai ya fitar da numfashi ta hanci zuwa cikinta, ta koma yadda ta ke. In ya taso iskar ta fara kumbura, sai waɗansu bawul da aka sa a ka da idon sawu su saki rarar da kansu, ko da wane gefe mutum ya juya. Girman rigar ba ya sakewa, don haka nauyin mutum a ruwa ba ya sakewa.

Dalilin wannan duka shi ne matsin ruwa. Kowace mita 10 da mutum ya sauka, ruwa yana ƙara masa danni daidai da na iskar duniya baki ɗaya. A mita 10 iskar da ke cikin riga ta koma rabi, a mita 30 ta koma rubu'i. In ba a ƙara mata iska ba, rigar za ta tsuke ta mintsine fata har jini ya kwanta. In kuma aka ƙara aka kasa ragewa wajen tasowa, sai ta harbo mutum sama kamar balo, huhunsa na iya yagewa, ko iskar naitirojin da ta narke cikin jininsa ta yi kumfa, ta shanye masa gaɓoɓi ko ta kashe shi.

Waɗannan shekaru ba su wuce ba tare da hasara ba. A watan Agusta 1946 Kusto da Dumas sun kusa hallaka a cikin kogon maɓuɓɓugar Vaucluse, domin injin da ya ɗura musu iska ya zuƙi hayaƙin kansa ya cusa musu guba a tukwane. Wani abokin aikinsu, Maurice Fargues, shi ya jawo su da igiya. A watan Satumba 1947 Fargues ɗin nan ya sauka mita 120 don gwaji, hankalinsa ya gushe a can, aka jawo gawarsa.

Jiƙaƙƙiyar Riga

Dumas, wanda ba ya son abin da zai takura shi, ya yi wa kansa 'yar shara mara nauyi ta roba mai soso don kwanakin da sanyi bai tsananta ba. Amma wanda ya kai wannan dabara ga cika wani masanin kimiyya ne na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, Hugh Bradner. A 1951 ya yi tunanin cewa ba dole ne mutum ya bushe kafin ya ji ɗumi ba, a 1952 kuma ya ɗinka riga da wata roba mai suna niyofirin, wadda cikinta cike ya ke da ƙananan ƙwayoyin iska rufaffu. Ruwa kaɗan yana shiga tsakanin rigar da fata, jiki ya ɗumama shi, ƙwayoyin iskar nan kuwa su hana zafin fita. Sharaɗinta ɗaya, ta kama jiki tsam, domin in ta yi sako-sako sabon ruwan sanyi zai yi ta kurɗawa yana kore mai ɗumin. A 1953 Georges Beuchat ya fito da irin tasa a Marseille, 'yan shekaru kaɗan kuma ta bazu ko'ina.

Jiƙaƙƙiyar riga ta fi araha, ba ta da bawul balle ya lalace, ba ta kifar da mutum, in ta yage ma sai a ci gaba da aiki a liƙe ta daga baya. Ita ce ta sa nutso ya fita daga hannun soja da ma'aikatan tashar jiragen ruwa ya zama abin da ɗalibi ko ma'aikaci zai koya a lokacin hutunsa. Na'urar Kusto da rigar Bradner tare suka yi wannan aiki.

Kalipso Da Bahar Maliya

A 1950 wani attajirin Ingila, Loel Guinness, ya sayi wani tsohon jirgin share nakiyoyi mai suna Kalipso, ya ba Kusto hayarsa a kan faran ɗaya a shekara. Tafiyarsa ta farko ta bincike zuwa Bahar Maliya ce, a ƙarshen 1951. A 1953 ya fitar da wani littafi tare da Dumas, a 1956 kuma fim mai suna iri ɗaya da littafin, wanda ma'anarsa ita ce duniyar da ba ta da hayaniya, ya ci babbar lambar bikin finafinai na Cannes, ya kuma ci lambar Oska a 1957. A wannan shekara Kusto ya zama shugaban gidan nazarin teku na Monako, muƙamin da ya riƙe har 1988.

Daga nan ya shiga gwada ko mutum zai iya zama a ƙarƙashin teku kwana da kwanaki. A 1962 mutum biyu, Albert Falco da Claude Wesly, suka yi mako guda cikin wani ɗaki na ƙarfe a zurfin mita 10 kusa da Marseille. A 1963 ya kafa ɗan ƙauye a Sha'ab Rumi, arewa da Fot Sudan, cikin tekun nan da alhazanmu na ƙasa su ke ƙetarewa zuwa Jidda a da. Mutanensa suka yi wata guda a mita 10, biyu daga cikinsu kuma suka yi mako guda a wani ɗaki mai zurfin wajen mita 30. Fim ɗin wannan aiki ya ci masa wata lambar Oska a 1965. Ruwan wurin da bazara ya kan kusa digiri 30, riga mara kauri ta isa, tana kuma tsare fata daga kaifin murjani. Duk da haka ko wannan ruwa bai kai zafin jiki ba, wanda ya yi awoyi cikinsa kullum sai ya ji sanyi ya shige shi.

Inda Jiƙaƙƙiyar Riga Ta Gaza

Gwaji na uku, a 1965, tsakanin Nice da Monako aka yi shi. Mutum shida, har da ɗansa Philippe, suka yi mako uku a zurfin mita 100, inda babu hasken rana. A can matsin ya ninka na sama sau 11, yana murƙushe ƙwayoyin iskar da ke cikin roba mai soso, riga mai kauri ta koma kamar fallen takarda, ɗuminta ya tafi. Bugu da ƙari, iskar da su ke shaƙa haɗin hiliyam ce da oksijin, hiliyam kuwa ta fi iskar duniya saurin kwashe zafi. Wannan shi ne aibin jiƙaƙƙiyar riga: daidai inda ruwa ya fi sanyi, watau can ƙasa, nan ta fi rauni.

A ƙarshen 1972 Kusto ya kai Kalipso Antaktika, inda ruwan teku ya ke sauka har kusan digiri 2 ƙasa da sifiri kafin ya daskare, mutanensa suka ɗauko hotuna daga ƙarƙashin ƙanƙara. A irin wannan ruwa mutum mara kariya hannuwansa sun daina aiki cikin 'yan mintoci. A wannan tafiya ne farfelar jirgi mai saukar ungulu ta kashe mataimakin kyaftin ɗin jirgin, Michel Laval.

Ya zuwa lokacin busasshiyar riga ta sake kama. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Poseidon na ƙasar Suwidin ya fito da wadda ta ke da zif da ruwa ba ya ratsawa, a ke kuma hura mata iska kai tsaye daga tukunya. Ta yau tana da roba mai kama wuya da wuyan hannu, da bawul na shigar iska a ƙirji, da na fitarta a dantse. Ɗuminta daga tufafin da aka sa a ciki ya ke fitowa, kuma ba ya raguwa da zurfi muddin ana ƙara iska.

Ƙiyasin da masu koyar da nutso ke bi shi ne, ruwan da ya haura wajen digiri 25 riga jiƙaƙƙiya mai kaurin milimita 3 ta ishe shi, mai matsakaicin sanyi milimita 5, wanda ya sauka wajen digiri 15 kuwa milimita 7 da hula da safar hannu. Ƙasa da wajen digiri 10, ko nutso mai zurfi da daɗewa, sai busasshiya. Haka kuma ruwa mai ƙazanta ko guba, irin na tashar jiragen ruwa da magudanar birni, ko da ɗumi gare shi busasshiyar riga haɗe da kwalkwali a ke sawa, don kada ya taɓa fata. Amma ita ma da nata: ga tsada, ga bukatar ƙarin dalma da horo na musamman, a ƙasa mai zafi tana iya galabaitar da mutum tun yana kan jirgi, in kuwa ta huje a ruwan sanyi ɗuminta ya tafi gaba ɗaya.

Ƙarshen Rayuwarsa

Shirinsa na talabijin, wanda aka fara nunawa a Amurka a 1968, ya sa jar hularsa ta zama sananniya a duniya. Masu suka sun tuna masa cewa a fim ɗinsa na 1956 an ga mutanensa suna fasa murjani da nakiya suna kashe kifayen shak. Daga baya ya juya ga kare teku. Tun a 1960 ya tsaya kai da fata har aka fasa zubar da sharar nukiliya a Bahar Rum, ya kafa ƙungiya mai sunansa a farkon shekarun 1970, yana kuma cikin waɗanda suka matsa har aka sa hannu a yarjejeniyar Madrid ta 1991, wadda ta hana haƙar ma'adinai a Antaktika. A 1988 aka zaɓe shi cikin majalisar manyan masana harshen Faransanci.

Baƙin ciki bai bar shi ba. Philippe, wanda ya ke fatan ya gaje shi, ya mutu a haɗarin jirgin sama a kogin Tagus kusa da Lisbon ran 28 ga Yuni, 1979. Simone, wadda ta fi kowa daɗewa cikin Kalipso, ta rasu a 1990, ya auri Francine Triplet a 1991. A watan Janairu 1996 wani kwale-kwalen dakon kaya ya bugi Kalipso a tashar Singafo ya nutse, daga baya aka tsamo shi. Kusto ya mutu a Paris ran 25 ga Yuni, 1997, sanadiyyar ciwon zuciya, yana da shekara 87, aka binne shi a garin da aka haife shi.

Har yanzu wanda ya je koyon nutso da busasshiyar riga, cikin darussan farko da za a ba shi akwai yadda zai dunƙule ya wuntsila in iska ta taru a ƙafafunsa, ya kai dantsensa sama don bawul ya sake ta. Matsalar nan ce Kusto ya gamu da ita a gaɓar Toulon cikin rigar da ya liƙe da hannunsa.